Tambaya da Amsa: Idan Bangon Motar-Gida Ya Fara Ɗagowa

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan motar-gida suke, wato motar nan mai gado da kicin da banɗaki a cikinta, wadda Turawa da Amurkawa ke tafiye-tafiyen hutu da ita. Ba ta da yawa a wajenmu, amma ana shigo da tsofaffinta, wasu su mayar da ita asibitin tafi-da-gidanka, wasu ofis a wurin aikin gini, wasu kuma masaukin doguwar tafiya. Da wuya ka sami wadda ta haura shekara 20 ba ta da ciwon bango. Masu gyaran jikin mota da kafintocin da ke amsa wa wannan shafi tambayoyi ne suka duba wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi motar-gida ƙirar 1994, a kan shasin Ford E-350. Jikinta fari ne sumul, na faiba. A ƙarƙashin tagar gefe bangon ya kumbura kamar bororo, faɗinsa ya kai santimita 60, tsawonsa kamar 90. Idan na danna da hannu sai ya lotsa, in na saki ya dawo. Wane gam zan ɗura masa ya koma? *Mai karatu daga Kaduna*

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gam shi ne na ƙarshe a wannan aiki, kuma idan ka fara da shi za ka yi asarar kuɗinka. Kumburin nan ruwa ne ya kawo shi, kuma wurin da yake ya riga ya nuna ƙofar da ruwan ya bi: tagar da ke samansa.

Bangon irin wannan mota ba abu ɗaya ba ne, hawa-hawa ne aka manne. Daga waje akwai fatar faiba, kaurinta bai fi milimita 1 zuwa 1.5 ba. A bayanta akwai filawud siriri, kamar milimita 3, wanda ake yi da katakon Kudu maso Gabashin Asiya. Sai farin soso mai tauri, irin wanda ake tokare sabon firij da shi a kwali, kaurin santimita 2.5 zuwa 4, an jera shi a tsakanin sandunan alminiyom ko na katako. Daga ciki kuma wani filawud ɗin ne mai ado, wanda kake gani in kana zaune a ɗaki. A masana'anta ake shafa musu gam a matse su su zama allo guda, kuma ƙarfin bangon daga wannan mannewar yake. Faiba ba ta jin ruwa, soso ma haka. Filawud ɗin tsakiya ne mai rauni, domin gam ɗin da ya haɗa ɓawonsa ba na jure laima ba ne. Da ya jiƙa sai ya kumbura, ɓawo ya rabu da ɓawo, na sama ya bi faiba, na ƙasa ya zauna a jikin soso. Rana kuma ta zo ta gasa faibar, ta miƙe, ba abin da ke riƙe da ita, sai ta turo waje.

Fara da gano iyakar ɓarnar. Da sassafe ko da yamma, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace, ka tsaya a bayan motar ka kalli bangon ta gefe. Duk inda ya taso zai yi inuwa. Sannan ka ɗauki marikin sukurudireba na roba kana ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kauri, wurin da ya rabu kuwa yana amsawa kamar ganga. Ka kewaye shi da tef ɗin masu fenti. Sau da yawa za ka tarar ya fi abin da ido ke gani da kamar taƙi guda ta kowane gefe.

Daga nan ka cire tagar gaba ɗaya. Sukurori ne ke riƙe da ita ta ciki, a jikin zoben da ya kewaye ta. A sami mutum a waje ya tallafe ta kafin ka kwance na ƙarshe. Da ta fita za ka ga bangon a yanke, hawa-hawa, kuma nan ne za ka yanke hukunci. Soka bakin wuƙa a filawud ɗin. Idan yana da tauri, launinsa bai yi baƙi ba, rabuwa kawai ya yi, to ɗura gam zai yi. Idan kuwa yana marmashewa kamar busasshen ganye, ko yana fitowa baƙi yana warin ruɓa, gam ba shi da abin kamawa, sai dai a sauya katakon, kuma mun yi bayanin wannan a amsar ɗan'uwanmu na Amurka da ke ƙasa.

In katakon na da sauran rai, sai busarwa. Ka cusa 'yan siraran itatuwa tsakanin faiba da filawud don iska ta shiga, ka kafa fanka tana hurawa, motar na ƙarƙashin rumfa. Ka ba shi mako 1 zuwa 2. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci dacewa da wannan, domin iskar ba ta da laima. Da damina kuwa yana iya cin wata guda. Kada ka kusantar da wutar walda ko na'urar hura zafi, soson yana yin laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba. Akwai ƙaramar na'urar auna laimar katako mai allura biyu, kuma ta cancanci kuɗinta: ƙasa da kashi 15 cikin 100 katako ya bushe, sama da kashi 20 yana jiƙe, kuma a nan ne funfuna ke samun wurin zama.

Kafin ka buɗe gwangwanin gam, ka shirya abin matsi ka gwada shi a bushe. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke ɓata aiki, domin da zarar ka haɗa gam lokaci ya fara ƙure maka. Ajiye motar kusa da katangar bulo, tazarar kamar mita 1, ka sa wa tayoyi waigi, ka ɗan ɗaga ta a kan jak don kada ta riƙa lilo a kan sifirin. Ka yanko filawud mai kauri, milimita 18, wanda ya zarce kumburin da santimita 10 ta kowane gefe. A bayansa ka gitta katako 2 ko 3, sannan ka tokare su da sanduna daga katangar, kana buga 'yan ƙananan itatuwa masu tsini don ƙara matsi. Ta wajen taga kana iya amfani da kilam na kafintoci, ka matse ciki da waje lokaci ɗaya. Ta cikin ɗaki ma ka tokare bangon zuwa ɗaya gefen, in ba haka ba maimakon faiba ta kwanta, bangon ne gaba ɗaya zai lotsa ciki. Tsakanin filawud ɗin matsi da jikin mota ka shimfiɗa leda mai kauri, domin gam ba ya kama leda.

Gam ɗin da ake so shi ne efoksi, wato gam da ake haɗa ruwansa da mai daskararwa kafin ya kama. A samo mai ruwa-ruwa, mai jinkirin bushewa, wanda ba a gauraya shi da tina ko wani abin narkarwa ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: lita 1 tana rufe murabba'in mita 1 da kaurin milimita 1. Naka wurin, 60 sau 90, ya ɗan haura rabin murabba'in mita, kuma kaurin rabin milimita ya isa, wato kamar mililita 270. Busasshen katako yana shan wani abu, wani kuma zai zube, don haka ka tanadi rabin lita. Kada ka haɗa shi duka a tashi ɗaya. Mililita 100 zuwa 150 kowane zubi.

Abin ɗurawa shi ne babban sirinji mai cin mililita 50 ko 60, a sa masa sabuwar robar ƙarin ruwa a baki. Ka ɗaure robar a jikin siririyar waya mai ƙarfi da tef, don ka iya tura ta ta ramin taga har ƙasan kumburin. Ka fara daga can ƙasa, kana matsa sirinji kana jan robar daga hagu zuwa dama, kana hawowa sama. Idan ka fara daga sama, gam zai toshe hanya ya kulle iska a ƙasa. Bayan kowane zubi ka bi ta waje da rola ko tafin hannu kana murzawa, don gam ɗin ya bazu. Inda roba ba ta kai ba, ka huda rami na milimita 5 a faibar, tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin rami da rami. Ka naɗa tef a bakin abin hudar a kan milimita 4 don kada ya zarce, kuma ka cire kan batir, ka zare wayar wuta, ka rufe tukunyar gas tukuna, domin akwai wayoyi a cikin bangon nan.

Ka kafa matsinka, daidai wa daida. Efoksi ba ya son a matse shi har ya tsiyaye. So ake fata ta kwanta kawai. Abin da ya ɓullo ta gefe ka goge shi nan take da tsumma da sifirit. Ka bar shi awa 24 aƙalla, awa 48 ya fi. Ka sa safar hannu da tabarau, domin yawan taɓa ɗanyen efoksi yana jawo ƙaiƙayin fata da kan zame wa mutum jiki.

Abu ɗaya za mu gaya maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: faibar da ta yi shekaru a kumbure ta riga ta miƙe. Za ta kama, ta yi ƙarfi, amma in ka kalle ta a hasken yamma za ka ga ɗan alamar wurin. Sannan tagar a mayar da ita da sabon tef ɗin butil, wato tef mai danƙo da ke hana yoyo, kamar yadda muka bayyana wa Hajiya ta Abuja a ƙasa.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, mai gyaran bamba a unguwarmu ya ce zai ɗura mini ruwan faiba irin wanda yake aiki da shi, ya ce ai jikin motar ma faiba ne. Wani kuma ya ce Evo-Stik ya fi. Wanne zan bi? *Mai karatu daga Kano*

AMSA: Malam, kada ka bi ko ɗaya. Mai gyaran bamban ya san aikinsa, amma bai ga abin da ke bayan faibar ba. Ruwan faibar da ake sayarwa don gyaran bamba da tankin ruwa, mai ƙarfin warin nan, yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da farin soso. Da ya ratsa tsagar filawud ya taɓa soson, sai ya cinye shi ya bar kogo a cikin bango, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka jingina da wurin ya faɗa. Evo-Stik, gam ɗin masu takalma da masu kujeru, shi ma haka yake, saboda abin narkarwar da ke cikinsa. Ban da wannan, shi irin gam ɗin sai an shafa a fuska biyu an bar shi ya sha iska kafin a haɗa, kuma a cikin rufaffen bango babu iskar da zai sha. Fetur, tina da asiton duk suna cin soson.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka samo guntun farin soso daga kwalin talabijin, ka ɗiga masa duk gam ɗin da aka kawo maka, ka dawo bayan minti 10. In ya yi rami, ka mayar wa mai shi.

Akwai gam mai kumfa, launin zuma, wanda ke kumbura idan ya ji laima. Ba ya cin soso, amma kumburinsa yana da ƙarfi, yana iya tura faibar waje ya daskare a haka, sai a wayi gari bororo ya zama dutse. Araldite na 'yan ƙananan tub kuwa efoksi ne na gaske, sai dai ya yi kauri, ba ya bin roba, mai saurin cikinsa kuma minti 5 ya fara kamawa.

Abin nema shi ne efoksin da masu ƙera kwale-kwale ke amfani da shi. Misali sananne shi ne West System: ruwansa mai lamba 105, ana haɗa shi da mai daskararwa 206 a kan awo 5 da 1, yana ba ka minti 20 zuwa 25 a zafin digiri 22. Da mai daskararwa 209 kuwa awo 3 da 1 ne, yana ba da minti 40 zuwa 50. A Kano na 209 ya fi maka, domin duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage lokacin aikin da kusan rabi. A watan Afrilu, da rana tsaka, gam ɗin minti 20 zai daskare maka a sirinji. Ka yi aikin bayan sallar asuba, a inuwa, bango na da sanyi.

Kowane iri ka samu, ka bi awon da ke jikin gwangwani ba ƙari ba ragi. Masu aikin faiba sun saba ƙara ɗigon mai daskararwa don aiki ya yi sauri, kuma a wajensu hakan yana yi. A efoksi ba ya yi. In awo ya kauce, zai zauna da danƙo har abada a cikin bangonka. Ka juya shi minti 2 cikakku, kana kankare gefen kofi da ƙasansa. Kuma kada ka bar mai yawa a kofi mai zurfi, yana ɗaukar zafi da kansa har ya narkar da kofin. Faffaɗan mazubi ya fi.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Tawa tsohuwa ce ƙwarai, jikinta kwanon alminiyom ne mai layi-layi. Kwanukan sun fara zamewa daga juna a baya, kusurwa ta buɗe, sukurori kuma in na ɗaure sai su yi ta juyawa ba sa kamawa. *Mai karatu daga Maraɗi*

AMSA: Wa alaikumus salam. Taka ba ta gam ba ce ko kaɗan, aikin kafinta ne, kuma ta fi ta faiba sauƙin gyara. Ginin wannan irin kamar na rumfar kwano yake: an kafa ƙashi na siraran katako, galibi santimita 4 sau 4 ko ƙasa da haka, an cusa audugar gilas a tsakani, an rufe da kwano. Kowane kwano yana da lanƙwasa a bakinsa na ƙasa. Ana harba masa fil a jikin katako ta nan, sai na ƙasa da shi ya shige cikin lanƙwasar ya ɓoye fil ɗin. Daga sama ake jerowa zuwa ƙasa. Saboda haka in za ka kwance, daga ƙasa za ka fara.

Sukurun da ke juyawa yana gaya maka cewa katakon da ke bayansa ya mutu. Ciro guda ka duba. Idan ya fito da tsatsa da baƙin gari a zarensa, ruwa ya daɗe a wurin. A ƙasarku kuma ka duba gara, domin motar da ta daɗe a ajiye a kan ƙasa, ciyawa na taɓa ta, gara na hawa ta cinye jiƙaƙƙen katako ta bar kwano a tsaye.

Zafi ma yana da nasa hannun. Alminiyom yana miƙewa da kamar milimita 0.023 a kowace mita, a kowane digiri guda. Kwano mai tsawon mita 6, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar in bambancin jikinsa ya kai digiri 40, yana tafiya ya dawo da fiye da milimita 5 kullum. Lafiyayyen katako yana riƙe fil duk da wannan motsi. Ruɓaɓɓe kuwa sakinsa yake yi.

Ka zare robar da ke rufe kan sukurori a ƙarfen kusurwa, ka kwance ƙarfen a hankali kada ya lanƙwashe, domin samun irinsa a nan da wuya. Ka cire fitilu da ƙofofin akwatuna da ke kan hanya. Kwanukan kuma ka ciro fil ɗinsu ɗaya bayan ɗaya da filaya, ka sa wa kowanne lamba a baya, ka kwantar da su a shimfiɗe. Mutum biyu ko uku za su ɗauki dogo, in ya karye a tsakiya alamar ba ta gogewa. Jiƙaƙƙiyar audugar gilas a zubar da ita.

Ruɓaɓɓen katako a yanke shi har a wuce ɓarnar da santimita 15, a sa sabo, a kuma haɗa masa wani a gefe wanda ya hau kan tsohon da santimita 30 sama da ƙasa, da gam na katako mai jure ruwa da sukurori. Ka tabbata sabon katakon ya bushe. Ɗanyen katakon kasuwa zai tsuke bayan wata biyu ya saki duk abin da ka ɗaura masa. Kada ka shafa masa baƙin mai don gudun gara, kamar yadda ake yi wa katakon rufin ɗaki: mai yana hana gam kamawa, yana kuma narkar da butil. Koren katakon nan da aka jiƙa da maganin jan ƙarfe shi ma bai dace ba, yana cin alminiyom idan akwai laima. Idan ka ga farin gari da 'yan ƙananan huji a bayan kwano, irin wannan cin ne, daga tsatsar fil da jiƙaƙƙen katako. Ka goge, ka shafa fenti a bayan, ka toshe hujin.

Wajen mayarwa, ka tura kowane kwano ya shige lanƙwasarsa har ƙarshe kafin ka harba fil. A ƙarƙashin ƙarfen kusurwa ka shimfiɗa butil, inda kwano ya yi kwari ka ninka shi biyu. In tsohon sukuru mai kaurin milimita 4.2 ne, ramin kuma ya buɗe, ka koma na 4.8. Da hannu za ka ƙarasa ɗaurewa. Da butil ya fara leƙowa ta gefe, ka tsaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ohio. Motata irin mai gado a saman kan direba ce. Gaban wurin ya yi taushi, faibar ta saki daga kusurwa zuwa kusurwa, katifar ma tana jiƙewa. Shin yana gyaruwa, kuma zan iya ci gaba da hawa titi da ita kafin nan? *Mai karatu daga Amurka*

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar hawa babban titi ka ajiye ta tukuna. Wannan goshin shi ke karɓar iska gaba da gaba, kuma in iska ta sami baki ɗaya ta shiga ƙarƙashin fatar, tana iya yaye ta ta jefa wa na bayanka. In dole ne ka kai ta wurin gyara, ka danne bakin da ya saki da faffaɗan tef mai ƙarfi, ka ɗora masa siririn alminiyom da sukurori inda katako ke da rai, ka tafi a hankali.

Wannan wuri shi ya fi ko'ina ruɓewa a irin motar, don ƙofofin ruwansa suna da yawa: fitilu 5 da ke jere a goshi, tagar gaba in akwai, ɗinkin da ya haɗa rufi da goshi, da kusurwoyi biyu. Ga shi a rataye yake ba abin da ya tokare shi, kowane gargada sai ya girgiza ɗinkin. A wajenku sanyi yana ƙara ta'azzara abin, domin ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, yana buɗa tsagar da ya shiga kowace shekara.

Yana gyaruwa, amma ba da sirinji ba. Ta ciki ake bi, a bar faibar a inda take. Ka tokare ƙasan gadon da sanduna daga ƙasa kafin ka cire komai. Ka yaye allon ciki, ka fitar da soso, ka ɗauki hoton yadda wayoyi da katakai suke. Ruɓaɓɓen filawud da ya manne a bayan faiba ka kankare shi da faffaɗar wuƙar fenti, ka bi da samfefa mai lamba 80 har sai ka ga faiba tsantsa. Ka sa takunkumi, ƙurar faiba da ta funfuna duk suna cutar da huhu. Ka sauya ƙashin da ya mutu. Sai ka shafa efoksi a bayan faibar da mashafi mai haƙora, ka manna sabon filawud na milimita 3, ka matse ciki da waje. Washegari soso, sannan allon ciki.

Kada ƙaunar ƙarfi ta sa ka saka filawud mai kauri. Na milimita 3 bai kai kilo 2 ba a murabba'in mita, na milimita 12 kuwa ya kai kilo 7, kuma duk nauyin a rataye zai zauna a saman gilashin direba. Tunda kana Amurka, ka nemi allon Azdel, wanda aka yi da roba da zaren gilas. Masana'antu da yawa sun koma kansa a madadin filawud don ba ya ruɓewa. Sannan ka jira ɗumi, domin mai daskararwa 206 ba ya kamawa da kyau ƙasa da digiri 16.

Kafin ka sa kuɗi, ka taka ƙasan motar ta gefen bango, ka danna silin. Idan ruɓar ta tsaya a goshi, aikin 'yan makonni ne kuma ya cancanta. Idan ta sauka har inda bango ya haɗu da daɓe ta ɓangarori biyu, kuɗin gyaran kan iya fin kuɗin motar, kuma a nan shawararmu ita ce ka sayar wa masu neman inji da kayan ciki.

TAMBAYA: Muna amfani da motar-gida wajen kai aikin duba marasa lafiya ƙauyuka. Kowace shekara direbanmu yana bin tagogi da rufi da silikon, amma ruwa bai daina shiga ba, yanzu bango ya fara tasowa. Mene ne kuskurenmu? *Mai karatu daga Abuja*

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Direbanku yana da niyya mai kyau, kayan aikin ne ba su dace ba. Silikon yana sakin baki a jikin mota mai jijjiga, ruwa ya shiga ta ƙarƙashinsa ya kasa fita. Kuma ba abin da ke kama wurin da silikon ya taɓa zama, har sabon silikon ɗin. Sai an kankare shi tas da wuƙar roba, an goge da sifirit.

Abin da ke hana taga yoyo ba a gefenta yake ba, a ƙarƙashin bakinta yake. Tef ɗin butil ne, wani abu mai danƙo kamar cingam, kaurin milimita 3, faɗin 19 ko 25, wanda ba ya bushewa da wuri. A cire tagar, a share tsohon, a naɗa sabo a bakin firam ɗin ba tare da yankewa ba, bakin biyu su haɗu a ƙasa, ba a sama ba. A ɗaure sukurori ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, a yanke abin da ya leƙo. Bayan nan ne za a ja siririn layi na Sikaflex 221 ko makamancinsa a sama da gefuna biyu. Ƙasan a bar shi, kuma a tabbata 'yan ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan firam ba su toshe da ƙura ba.

Rufi kuma a fara sanin da me aka yi shi. Yawancin na Amurka na shekarun 1990 shimfiɗar roba ce fara, kuma kwalta, fetur da tef mai kwalta na masu rufin kwano duk suna kumbura ta su ɓata ta. Tana da nata abin liƙi, irin Dicor mai bajewa da kansa, ko tef ɗin EternaBond a kan dogon ɗinki.

Don gano inda ruwan ke shiga, mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, ɗaya ya riƙe tiyo a waje ba da ƙarfi ba. A fara daga ƙasa, a ba kowane wuri minti 5 kafin a hau sama. In aka fara da rufi, ko'ina zai jiƙe a rasa gane ƙofar. A riƙa wannan dubawar sau biyu a shekara, a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka da kuma bayan ɗaukewarsa.

TAMBAYA: Me zai hana in bi kumburin da sukurori masu wasa, in danne shi kawai? *Mai karatu daga Zariya*

AMSA: Malam, a tsakiyar bangon faiba babu abin da sukuru zai kama sai soso da filawud na milimita 3, kuma kowane rami sabuwar hanyar ruwa ce. Faibar ma takan tsage daga bakin ramin in rana ta miƙar da ita. Inda hakan ke da amfani shi ne a baki, kamar ƙasan bango ko gefen ƙofa, inda akwai sandar ƙashi a ciki. A nan kana iya ɗora siririn alminiyom mai faɗin santimita 3, butil a ƙarƙashinsa, sukuru kowace santimita 15, ka kuma buɗa ramin faibar ya ɗan fi sukurun faɗi da milimita 1 don ta sami wurin motsi. Sandar kuma da safe ake gane inda take, lokacin da raɓa ta kwanta a jikin mota, domin layinta yakan fito daban da sauran bangon.